Ciwon suga ya raba ni da sitiyari, ina da shekara 43 na koyi tuƙa jirgin sama

A Palladan aka haife ni, cikin Zariya, a 1974. Wanda ya san unguwar ya san kwalejin koyon tuƙin jirgin sama maƙwabciyarmu ce, tun 1964 take wurin, don haka ƙarar ƙananan jirage ba baƙuwarmu ba ce. Da hantsi sai ka ga ɗan jirgi ya taso, ya yi kwana, ya bi ta kan rufin gidajenmu, ya koma ya taɓa ƙasa, ya sake tashi. Haka zai yi ta yi har azahar. A tunanina na yaro, matuƙin ne ya rasa wurin sauka. Sai da na haura arba'in, a wata ƙasa, ina zaune a irin kujerarsa, na gane ɗalibi ne yake koyon sauka.

Mahaifina mai gyaran keke ne, rumfarsa a bakin titi. Ni ke tsoma masa robar taya cikin kwanon ruwa mu nemo inda iska ke fita kafin ya yi faci. In jirgi ya wuce na ɗaga kai, sai ya ce, "Kai, idonka a kan kumfa." Ranar da na ce masa ni ma jirgi zan tuƙa, bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Allah ya kai ka," ya ci gaba da aikinsa.

A 1991 ya rasu, ina ajin ƙarshe na sakandare. An ce mana ciwon ƙafa ne, wani gyambo da ya ƙi warkewa. Ni ne babba, ƙanne shida a bayana. Maganar karatu ta tsaya nan. Na shiga tasha na zama yaron mota, daga baya na zama direba a hanyar Zariya zuwa Kano. Kullum sai na wuce ta gaban shingen kwalejin nan, har na koya wa wuyana kada ya juya.

A 2006 na ci ƙuri'ar bizar Amurka. Shekarar da ta biyo muka sauka a Columbus, jihar Ohio, ni da matata da jaririnmu. Na yi wankin kwanuka, na yi gadi, har na samu lasisin manyan motoci a 2009. Tirela ta rufa min asiri. Na aurar da ƙanne mata biyu, na gyara wa Inna ɗaki, na sa wa gidanmu kwano. A 2013 na ci bashin banki na sayi kan mota nawa na kaina. In na kira gida a lokacin, muryata ma daban take fita.

Tun 2011 likita ya gaya min ina da ciwon suga. Na karɓi ƙwayoyi ina sha in na tuna. Direban doguwar hanya abincinsa na gidan mai ne, barcinsa a bayan kujera, motsa jikinsa hawa da sauka daga mota. A farkon 2015 ƙishirwa ta addabe ni, fitsari ba ƙaƙƙautawa, idona ya fara hazo da dare. Likita ya duba sakamakon jini ya ce ƙwaya ta daina riƙe ni, dole sai allurar insulin.

Dokar wancan lokacin ta hana mai allurar insulin tuƙa babbar mota tsakanin jihohi, sai in ya nemi izini na musamman, shi kuwa izinin watanni yake ɗauka. Banki ba ya jiran watanni. Ina tsaye a taga na ga an zo an ja motar. Na daɗe ina kallon tabon baƙin mai da ta bari a ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi min wuyar faɗa. Na yi kusan wata biyar ban fita ba sai masallacin Juma'a, shi ma ina makara da gangan don kada a tsaya gaisawa. Matata ta shiga aikin kula da tsofaffi, tana fita da asuba cikin ƙanƙara, ina kwance ina jin ƙarar ƙofa. A banɗaki nake yin allura, in kulle, don kada yara su gani. Inna in ta kira ta ce, "Ɗan nan, ya hanya?" sai in ce, "Hanya lafiya lau, Inna." Kuɗin da nake aika mata daga albashin matata yake fita, ba ta sani ba. Azumin 2016 ya faɗo tsakiyar bazara, wuni ya haura awa 16, likita ya ce kada in yi, na yi taurin kai na ɗauka. A rana ta tara matata ta same ni a ƙasan kicin ina gumi, ba na gane ta. Ko bayan wannan ban gaya wa kowa a waje ba. Kunya nake ji, kamar wani laifi na aikata.

Daga baya na samu aikin dare a wani babban sito, ina tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya.

Ɗana ne ya jawo ni filin jirgi. Akwai wata ƙungiyar masu sha'awar jirage da ake kira EAA, tun 1992 mambobinta ke ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 17 kyauta su zagaya da su sama. Ya zo da takarda daga makaranta ya ce sai na kai shi. Wata Asabar ce a watan Satumba na 2016. Ƙaramin fili ne a tsakiyar gonakin masara, titi ɗaya, babu hasumiya, babu sojoji, sai tsofaffi suna soya fanke a cikin rumfar jirage. Da jirgin da ya ɗauki ɗana ya taso ya yi kwana, ƙarar ta shige ni har ƙashi. Ƙarar Palladan ce. Na juya baya don kada a ga fuskata.

Wani dattijo ya lura da ni, ya matso muka fara hira. Ban san dalili ba, shi ne mutum na farko a waje da na buɗe baki na gaya wa ina allura. Na ce masa da ina da buri, amma yanzu ko tirela an hana ni. Sai ya ce in zauna. Ya bayyana min cewa tun 2004 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fito da wani lasisi na masu tuƙi don sha'awa, sifot failot suke ce masa. A dokar lokacin, jirgin ƙarami ne, kujera biyu, nauyinsa da mutane da mai kada ya wuce fam 1,320, wato kilo 600. Da rana kawai za ka tashi, cikin sarari mai kyau, fasinja ɗaya, kada ka wuce ƙafa 10,000, kuma ba a biyanka ko sisi. Abin da ya sa zuciyata ta buga shi ne, ba a neman takardar likitan hukuma, lasisin tuƙin mota ya wadatar.

Sannan ya riƙe hannuna ya ja min kunne. Ya ce kada in kuskura in je wurin likitan hukumar don in gwada sa'a. Wanda ya nemi takardar aka hana shi, lasisin motarsa ya daina yi masa amfani a wannan hanya, ƙofar ta rufe. Mutane da yawa sun rufe wa kansu ita da hannunsu saboda rashin sani. Ina rubuta wannan ne musamman don duk wanda ke da irin larurata kuma yake da irin burina.

Da na faɗa a gida, matata ta yi shiru, can ta ce, "Baban yara, da wane kuɗin?" Tana da gaskiya. Awa ɗaya da jirgi da malami ta kai dala 155. Abokaina a masallaci kuwa wata damuwar suka kawo: Musulmi, baƙo, ya ce zai koyi tuƙin jirgi a Amurka bayan harin 11 ga Satumba na 2001, ai neman jawo wa kai ido ne. Ni ma na ji tsoron. Tunda katin zama gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna, sai da na cike takardun hukumar tsaron sufuri, TSA, aka ɗauki hoton yatsuna, aka binciki tarihina. Na yi makonni ina duba saƙo gabana na faɗuwa. Izini ya fito ba tare da kowa ya tambaye ni komai ba. Na ƙara dare ɗaya a sati a wurin aiki, kuɗinsa na jirgi ne. Matata ba ta ce ta yarda ba, amma ita ta samo gwangwanin da muke tarawa a ciki.

A Maris na 2017 na fara. Malamata dattijuwa ce, ta haura sittin, ba ta da yawan magana. Ranar farko ta tambaye ni nauyina. Kilo 104. Ta yi lissafi a takarda ta nuna min cewa in ni da ita muka shiga, ba za a cika tanki ba, don jirgin ba ya ɗaukar son rai. Shekara shida likita yana min maganar ƙiba ban ji ba, ranar na ji.

Kafin a tashi sai an zagaya jirgi da takarda a hannu ana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Injinsa Rotax ne, ƙirar Ostiriya, ƙarfin doki 100, kuma yana da wata ɗabi'a: kafin ka auna baƙin mai sai ka buɗe murfin tankinsa, ka riƙa juya farfela da hannu a hankali, har ka ji ya yi wani gurr kamar gyatsar jariri. Sannan man ya dawo tanki, ma'auni zai faɗi gaskiya. Sai ka tsiyayi ɗan fetur a kofi ka ɗaga shi a rana, ko akwai ɗigon ruwa kwance a ƙasa. Ina cikin wannan dubawar na ce mata irin aikin da nake taya mahaifina ke nan. Ta tambayi sana'arsa, na faɗa. Ta ce ai 'yan'uwan nan biyu, Wright, da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, masu shagon keke ne a Dayton, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga inda muke tsaye. Ban iya ba ta amsa ba.

Shekara ashirin da wani abu ina tuƙi, na ɗauka zai taimake ni. Sai ya zame min cikas. In jirgi yana ƙasa, da ƙafa ake juya shi, hannuna kuwa sai neman sitiyari yake, ina murɗa sanda jirgi na tafiya inda ya ga dama. A sama in ka ja sanda baya da yawa, gudu ya ragu, fiffike ya saki iska, hancin jirgi ya faɗi. Maganinsa shi ne ka tura hancin ƙasa, wajen da kake tsoro, sannan ka ba shi totur. Jikina ya ƙi yarda da wannan sai da muka maimaita ya fi sau ashirin. Babban ciwona kuwa sauka ce. Direba in ya ɗauko kaya, a ransa dole ya kai. Ni ma in na fuskanci titi, ko na yi sama da yawa, ko gudu ya yi yawa, sai in ce dole in dire. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya: in saukar ba ta yi kyau ba, ka cika totur ka tashi, ka sake zagayowa, babu mai cin ka tara. Ni a lokacin fasa sauka faɗuwa ce a gaban mutane.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin Afrilu, darasi na tara. Na taso daga aikin dare, na yi allura, ban ci abin kirki ba don ina sauri. A cikin mota na soki yatsa, na'urar gwajin suga ta nuna 88. Na san sugan jinina yana kan raguwa. Na san abin da ya kamata in yi. Amma na riga na biya kuɗin awar, kuma ban taɓa gaya wa malamata ina allura ba, na dai ce mata ina da ɗan suga. Na jefa dabino ɗaya a baki na shiga.

A zagaye na uku, muna ƙafa 1,000 a gefen titi, na ji gumi mai sanyi a bayana. Leɓena ya yi nauyi. Na danna maɓallin rediyo in sanar da inda nake, kalmomin da na haddace suka ɓace. Na kalli agogon gudu, ina ganin allurar amma na kasa gane me take nufi. Akwai ƙa'idar miƙa jirgi da ta koya min tun ranar farko, magana uku ce. Na ce, "Jirgi a hannunki." Ta ce, "Jirgi a hannuna." Na ce, "A hannunki yake." Na saki sanda, hannuna na rawa a kan cinyata.

Da muka sauka na gwada a gabanta, 58. Ta kawo min lemon kwalba ta zauna har na dawo daidai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ciwona bai ba ta tsoro ba, shiruna ne ya ba ta. Ta ce in tuna wata rana kujerar damar nan da take zama babu kowa a kanta, ko kuma ɗana ne a kai. Ta tuna min cewa dokar da ta yafe min takardar likita ita ce kuma ta hana ni tashi duk ranar da na san jikina ba zai iya ba, wato amanar a wuyana aka rataya ta. Ba za ta sake hawa da ni ba sai na zauna da likitana mun fito da tsari a rubuce.

Na yi sati shida ban je filin ba. A cikinsu ne na kira Inna na gaya mata komai: allurar, motar da aka ƙwace, kuɗin da ba nawa ba ne. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Sai ta ce, "Ɗan nan, ciwon da ya ɗauke mahaifinku ke nan. An gaya masa a asibiti shekara biyu kafin ƙafar ta ruɓe. Ya ce kada in faɗa wa kowa, kada a ce mai gida ya zama majinyaci." Shekara 26 ina cewa gyambo ne ya kashe shi. Na zauna a gefen gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Likitana ya ɗauko tsarin da hukumar ta shimfiɗa wa matuƙa masu allura da ke da takardarta, muka ɗora nawa a kai, ko da yake ba a wajabta min ba. Cikin rabin awa kafin tashi in gwada, sai in yana tsakanin 100 da 300 zan hau. A sama in gwada duk awa, in sake gwadawa rabin awa kafin sauka. Ƙwayoyin gulukos a aljihun gaba inda hannu zai kai. Ni kuma na ƙara nawa: ba na tashi in na kwana a wurin aiki. Da azumin shekarar ya zo na je wurin liman na faɗa masa halin da nake ciki, ya ce in ciyar, Allah bai ɗora min abin da zai halaka ni ba. Na daina kulle banɗaki. 'Yata ƙarama ce ma ta koma mai karanta min lambar.

A watan Agusta, bayan mun yi sauka uku masu kyau, malamata ta ce in tsaya a gefe. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta ce in yi uku ni kaɗai. Na gwada jini, 146. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda na saba yi a tasha tun ina yaron mota. Da na cika totur, jirgin ya bar ƙasa tun kafin in shirya, don nauyin mutum ɗaya ya ragu. Na kalli kujerar dama, bel ɗinta a ɗaure, babu kowa. Ƙasa kuwa masara ce kore har iyakar gani, da wani gida mai jan rufi, da yara biyu a tsakar gidan. Ban san ko sun ɗaga kai ba. A sauka ta biyu na zo da tsayi, na fasa, na sake zagayowa. Da na gama ta yanke bayan rigata da almakashi, al'adarsu ce ga wanda ya fara tashi shi kaɗai, ta rubuta kwanan wata a jiki. Ta ce a cikin duka abin da na yi ranar, fasawar nan ta fi burge ta.

Doka ta ce mafi ƙaranci awa 20, 15 da malami, 5 kai kaɗai. Ni sai da na yi 47. Na ci jarrabawar rubutu mai tambaya 40, na yi doguwar tafiyar da ake buƙata ni kaɗai, mil 75 na ma'aunin jirgi, da sauka a wasu filaye. A Nuwamba na shiga jarrabawar ƙarshe, na faɗi. An ce in dire a kan wata alama, kada in wuce ta da fiye da ƙafa 200. Na zo da gudu, na san na zo da gudu, amma idon mai jarrabawa na kaina, tsohon halin ya dawo, na ce dole in dire. Jirgi ya yi ta shawagi a kan titi har alamar ta wuce. Mai jarrabawar ya ce da na fasa na sake zagayowa, da bai kayar da ni ba. A wannan daren na gaya wa matata da yarana da bakina, a kan abinci. Bayan sati uku na koma na maimaita abin da na faɗi a kai, na samu.

A 2018 aka sauya dokar manyan motoci, mai allura zai iya tuƙi in likitansa ya tabbatar yana kula da kansa. Na koma tirela a shekarar da ta biyo, amma gajeriyar hanya, kullum a gida nake kwana. Nauyina yanzu kilo 89. A 2025 kuma aka faɗaɗa dokar lasisin namu, aka cire iyakar nauyin nan, ana iya tuƙa jirage da suka fi girma, fasinja dai har yanzu ɗaya ne. Ni ina nan da ƙaramin da na saba, ina hayarsa sau biyu a wata in aljihu ya yarda. Ƙyallen rigar nan yana Zariya, Inna ta ce a kai mata, yana cikin akwatinta.

Ɗana ne fasinjana na farko. Matata kuwa sai da ta shekara biyu tana cewa ita ƙafarta a ƙasa. Wata safiya a kakar 2019 na ga ta sa takalmi ta ɗauki jakar na'urar gwajin, ta ce mu je. Ba ta ce uffan ba har muka tashi, hannunta ɗaya a kan bel, ɗaya a kan jakar. An girbe masara, gonaki sun yi launin ƙasa kamar bayan kaka a gida. Muna cikin tafiya ta duba agogonta, ta buɗe jakar, ta kama yatsana ta soka da kanta.

"Nawa?" na tambaye ta.

"132," ta ce. Ta mayar da na'urar, ta jingina, sannan ta leƙa taga a karo na farko. "Baban yara, wancan kogin fa, ina ya nufa?"

Na karkata fiffike muka bi shi.